Daɓen Ɗakin Inna Tani

Jikokina mata, in suka ga na ɗauko tsohon madaɓina ina shafa masa man kaɗanya, dariya suke yi. Ran nan ɗayarsu ta ce mini, "Inna, wai wannan ma sana'a ce? Ba dukan ƙasa ba ne kurum?" Ban ba ta amsa ba a lokacin, don ni bakina ba mai sauri ba ne. Amma tun da Allah ya sa na koyi ɗan rubutu a ajin yaƙi da jahilci bayan na girma, na ga gara in zauna in rubuta muku, ku karanta a hankali in kun samu sarari.

Daɓe dukan ƙasa ne, yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Sai dai kafin a kai ga dukan akwai aiki. Za ki je bakin tudu ki haƙo marmara, jar ƙasa mai tsakuwa, ki ɗauko a kwando bisa gammo. Za ki tara ɓawon ɗorawa, wanda muke ce wa makuba, ki jiƙa a tsohuwar randa har ruwan ya yi baƙi. Ki share ɗaki, ki daidaita ƙasansa, ki baza marmara, ki yayyafa ruwa, sannan ku durƙusa ku yi ta duka da madaɓi. In ya kwanta a bar shi ya sha iska, a zuba makuba, a sake duka. Haka za a yi ta yi har ƙasa ta yi duhu tana ƙyalli, in kin zubar da ruwa ya tsaya a kai bai nutse ba. Mu ne kuma masu yaɓen cikin ɗaki da shafen farar ƙasa. Gini da jinka na maza ne. Abin da ƙafa za ta taka da abin da baya zai jingina, wannan namu ne.

Aikin farko da aka bar ni na riƙe madaɓi a cikinsa, ɗakin wata mai sayar da busasshen kifi ne a Yelwa, shekarar da Turawa suka miƙa mulki. Ina da goyon Hajo, ɗiyata ta fari. Ina tunawa da shekarar ne don muna cikin duka 'yan makaranta suka wuce da ƙananan tutoci suna waƙa, na ɗaga kai in duba, sai Gwaggo Ige ta ɗan ƙwanƙwasa mini gwiwar hannu da mariƙin madaɓi. Ita ƙanwar babana ce, a hannunta na koya, kuma kafin ran nan na daɗe ba abin da take bari na yi sai ɗaukar marmara da tace makuba.

Ta ce, "Mulki na masu mulki ne. Ke saurari ƙasa." Ta buga nan, ta buga can. "Kin jiya? Nan ta ce tib, nan ta ce kwab. Inda ta ce kwab akwai rami ƙarƙashi. Bana ba mai gani, baɗi ƙafar gado ta same shi."

Da kunne ake daɓe. Mai ji da ƙarfi tana gajiya kafin azahar, ta bar miki ɗaki mai tudu da kwari.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai mai gaggawa, wadda za ta shigar da gado daɓe bai bushe ba, sannan ta aiko a ce aikinmu bai yi kyau ba. Akwai wadda ba ta ɗaure akuyarta. Har yau akwai wani zaure a unguwarmu da sawun akuya ya ratsa shi daga ƙofa zuwa ƙofa, mai gidan yana nuna wa baƙi kamar wani ado. Amma yawancinsu mutanen kirki ne, su dama mana fura, su kira maƙwabta a taya mu duka. Lokacin nan aiki ba ya yankewa. Gungawa, masu noman albasa a tsibiran Kwara, in sun sayar da albasarsu sai su aiko jirgi a ɗauke mu, ni da Kulu abokiyar aikina, mu yi ta bin ƙauyuka har rani ya ƙare.

Sai aka datse ruwa a Kainji. Shekarar tashi ita ce mummunar shekararmu. Ƙauyukan da muke zuwa aka kwashe su zuwa tudu, aka gina musu gidaje a jere, bango bulo, ƙasa siminti, rufi a tanƙware kamar bayan kunkuru. Wa zai kira mai daɓe ɗakin siminti? Ɗakunan da muka daɓa da hannunmu kuwa ruwa ya hau kansu. Itatuwan ɗorawa na bakin gaɓa suka mutu a tsaye cikin ruwa, makuba ta yi wuya. A wannan tsakanin Gwaggo Ige ta rasu. Ni na koma dakau da wankau don a samu na sa wa yara a baki, Kulu ta koma bandar kifi. Mai daɓe in ta daɗe ba ta yi ba, kantar hannunta zubewa take yi. Tawa ta zube.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya zo bayan wannan da 'yan damuna. Da bazara ne. Wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidanmu, sunansa Gado, daga wani sabon ƙauye can wajen Wara. Ya ce uwarsa ce ta aiko shi, ana ce mata Inna Tani. Ta ce a nemo mata ɗiyar Ige, don Gwaggo ce ta daɓa mata ɗaki tun tana da ƙarfinta.

Na ce, "Ashe ba gidan siminti kuke ba?"

Ya ce, "Awo, nan muke. Tsohon gida take so a gyara."

Tsohon gidan nasu ba a tsibiri yake ba, a gaɓa yake, bisa ɗan tudu a ƙarshen ƙauye. Masu awo sun shafa fenti jikin wani icce sama da gidan, suka ce ruwa zai kai nan, aka kwashe kowa. Da ruwa ya zo ya cinye ƙauyen duka, amma ya tsaya a gindin dangar garkarsu. Gidan ya rage shi kaɗai, ba kowa ciki.

Gado ya sunkuyar da kai ya ƙarasa mini sauran. A zuri'arsu, tun kaka da kakanni, tsoho in ya mutu cikin ɗakinsa ake sa shi, a mayar da ƙasa a daɓe. Ubansa yana can cikin ɗakinsa a tsohon gida. Ita ma nan take so, a ɗakinta da ke jingine da nasa. Ya ce, "Innar Hajo, ni na kama salla tun ina saurayi. Amma uwa uwa ce. Ta ce in aka kwantar da ita wani wuri ba kusa da Baba ba, ba ta yahe mini. Kuma ƙarhinta na tahiya, ina gani."

Da na gaya wa Kulu sai ta ce, "To, yau mun koma masu gyaran kushewa?"

Na ce mata ɗaki aka kira mu gyarawa, mai ɗakin kuma tana da rai.

Ta ce, "Ke dai kullum maganarki kamar an jiƙa ta da ruwa." Amma ta tashi ta zaro madaɓinta daga bayan randa.

Muka tafi a jirgi. Ruwa ya ja baya a lokacin, kawunan matattun itatuwa sun fito birjik, mai tuƙi yana ta kewaya su. Wani wuri ya nuna da fulafili ya ce nan kasuwa take da. Mun sha cin ƙosai a kasuwar nan.

Daga ruwa ba a ganin gidan. Gamba ta rufe shi, ta fi mutum tsawo, rabi busasshiya rabi ɗanya. Danga ta faɗi ta ruɓe. Zaure ya zube ya koma tudu. Tumfafiya ta cika tsakar gida, gara ta gina shuri a madafa, garafuni da duma sun hau bango sun nannaɗe shi. A ɗakin maigidan, inda yake kwance, wani ɓaure ya tsiro ta ciki ya fito ta inda jinka take da. Ɗakin Inna Tani ne kaɗai bangonsa ke tsaye a kewaye, ba rufi.

Ita mun same ta can, Gado ya riga ya kawo ta bisa jaki, tana zaune a gindin mangwaro. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ido ɗaya da hakiya, da sanda a hannu. Ta riƙe hannuna ta shafa tafin, ta ce, "Wanga hannu ya yi laushi. Ige ba ta bar miki nata ba?"

Na ce, "Aiki ya kwanta, Inna."

Ta ce, "To tada shi."

Gado da abokansa biyu sun zo da ashana. Nufinsu su yi wa ciyawar gobara, kafin la'asar wuri ya yi fili. Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Daji aka sa ma wuta. Wanga gida ne." Dole suka mayar da ashana aljihu suka ɗauki adda da lauje.

Ku 'yan yanzu, in Allah ya haɗa ku da gyaran tsohon gida, ga yadda ake yi. Daga waje ake farawa a shigo ciki, don rana ta samu gindin bango. Mutum ɗaya yana gaba da dogon icce yana bugun ciyawa, don macijiya irin kasa ba ta gudu, jira take a taka ta. Abin da ya nannaɗe bango kuma ba a fizgarsa. Shi ke riƙe da yaɓen. In kika ja da ƙarfi sai bangon ya biyo ki. A gindi ake yanke shi, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan da yatsu kamar mai tsefe kitson da ya daɗe.

Garkar bayan gida ita ta fi cin rai. Ta gangara ne daga bayan ɗakuna har bakin ruwa, kuma Inna Tani ba ta yarda a sare ko tsinke ɗaya ba sai an nuna mata. Aka mayar da tabarmarta can. Mukan tsinko ganye mu kai mata, ta murza ta sansana.

"Wanga bari shi, lallena ne."

"Can gaba akwai zogale jere, ku bi da hankali."

"Wanga tazargade ne, na ciwon ciki. Ni na dasa shi shekarar da Gado ya yi ƙyanda."

Kulu ta kai mata reshen wata ƙaya ta ce, "Inna, wagga ma ɗiyarki ce?"

Ta ce, "Ba tawa ba ce, amma ta hi ki kunya. Ita sai an taɓa ta."

Daga ran nan suka kama juna da tsiya. Kulu tana ce mata Sarkin Daji, ita tana ce wa Kulu Mai Bakin Kasuwa.

Ƙarƙashin ciyawar muka riƙa samun gidan da. Ga dutsen niƙa, ga duwatsun murhu a inda aka bar su, ga fangalayen albasa har yanzu da kunyarsu, ga tsohon iccen jigo ya kwanta bakin ramin da ake ɗebo ruwa. Sai dai ni, tun muna sara, idona yana kan wasu abubuwa da ba su yi mini daɗi ba. Iccen lemun tsami ya bushe daga sama, alhali gindinsa da damshi. Burugu da ƙaidaji, ciyayin bakin kogi, sun hauro har tsakiyar garka inda da albasa take. Ƙasa tana ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, cikin bazara. Da muka buɗe gindin bangon ɗakinta na ga ya yi duhu, da wani fari-fari a kai kamar an barbaɗa kanwa, in ka taɓa yaɓen ya zubo.

Na shiga ɗakin da hauya na fasa tsohon daɓen Gwaggo a gefe ɗaya, na haƙa. Ban kai gwiwar hannu ba ƙasa ta yi sanyi tana manne wa hauya. Na bari muka je muka ci abinci. Da na dawo ruwa ya taru a ramin. Ruwan bai hau gidan ta sama ba, ta ƙasa ya shigo. Wannan kuma lokacin da tafki ya ja baya ke nan. In ya cika bayan kaka, sai abin da Allah ya yi.

Na kira Gado na nuna masa. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Sannan ya rage murya ya ce, "Ku rufe, ku yi mata daɓe bisa, ta ji daɗi. Abin da za shi biyo baya ita ba ta sani."

Na ce, "Daɓe bisa ruwa ba ya bushewa. Ita ta san daɓe, tafin ƙafarta zai gaya mata."

Muna cikin wannan sai ga ta a bakin ƙofa. Ba ta tambayi kowa ba. Ta laluba da sanda har ta samu ramin, ta zura, ruwa ya yi ƙara. Ta zaro sandar ta shafa bakinta da yatsu.

Ta ce, "Ya biyo mu har nan."

Ta juya wajen bangon da ya raba ɗakinta da na mijinta, ta ce, "Shi hwa?"

Ita ta ba kanta amsa.

Ta ce, "Shi ɗan jirgi ne, ya saba. Ni ce ban son sanyi." Sai ta juyo gare ni. "Ɗiyar Ige, da uwarki ce, mi za ta yi?"

Gwaggo ba ta taɓa gamuwa da irin wannan ba, a zamaninta ruwa yana inda Allah ya ajiye shi. Amma na tuna yadda ake ɗora rumbu bisa duwatsu don kada damshi ya kai ga hatsi. Na ce in ƙasan ya ƙi, sai mu ɗaga ɗakin. A shimfiɗa duwatsu da tsingaro, wato fasassun tukwane, a ƙasa, su ruwa ba ya hawansu. Bisa su a cika da busasshiyar marmara, ana cikawa ana duka, har ta kai ƙirjin mutum. Maza su ƙara wa bango tsawo, a ɗaga ƙofa, a yi matakala. In ranar ta zo, cikin cikon za a haƙa, ba za a kai ga duwatsun ba.

Gado ya ce, "Wanga ai gina tudu ne cikin ɗaki. Ga damana bisa hanya."

Tsohuwa ta ce, "To mi kuka tsaya jira?"

Tsingaro bai yi mana wuya ba. Da ruwa ya ja baya, kufan ƙauyen ya fito a bakin gaɓa, bangaye sun narke sun koma laka, amma fasassun tukwane suna nan ko'ina. Muka riƙa kwasowa a kwando muna zubewa gabanta, don ta ce ita za ta tsince manya daga ƙanana. Aikin bai yi sauri a hannunta ba. Takan ɗauki guntu ta shafa zanen bakinsa ta ce, "Wanga tulun Asabe ne, ta koma wajen ɗanta a Shanga." Ta ajiye, ta ɗauki wani. "Wagga tukunyar miyar maƙwabciyata ce. Ta mutu damanar hwari a sabon gari." Wani kuma ta daɗe tana juya shi a hannu, sannan ta sa cikin kwando. Duka muka shimfiɗa su a ƙasan ɗakin.

Marmara ce take da nisa, sai can bayan tudu. Mu biyu da matar Gado da ba mu gama ba har damuna ta wuce. Amma labari ya kai sabon ƙauye, sai mata suka fara zuwa da kwandunansu, masu salla da masu zuwa coci da masu bin na gargajiya, duk tsoffin maƙwabtanta. Wasu ba su taka wurin ba tun ran tashi. Sukan tsaya bakin gaɓa su ɗan duba inda gidajensu suke da, sannan su gyara gammo su wuce.

Ciko irin wannan yana da haɗari. In aka zuba da yawa lokaci ɗaya, sama ta daku ƙasa ta zauna sakwaf. In aka yi duka da ƙarfi kusa da bango, tsohon bango ya buɗe. Don haka kaɗan-kaɗan muke zubawa, kaurin tafin hannu, mu daka, in bi da kunne, sannan a ƙara. Ta waje na sa aka kewaye gindin ɗakin da dakali mai faɗi ya tokare shi. Wata rana gefen yamma ya tsage duk da haka, tsaga mai shigar yatsa. Muka kwashe abin da muka zuba a gefen, maza suka ɗinke bango da sabuwar laka, muka jira ya bushe, hadari kuwa yana ta haɗuwa gabas yana watsewa. Hannuna ya fashe ya yi jini, ya warke, kanta ta dawo. Makuba kuma sai da Kulu ta bi rugagen Fulani can cikin tudu inda ɗorawa ta rage, ta dawo da buhu a kai tana cewa, "Sarkin Daji, in kika mutu ba ki gode mini ba, sai na biyo ki."

Tsohuwa ta ce, "Biyo ni. Wa ka ba ki wuri?"

Ran daɓen ƙarshe ɗakin bai ɗauke mu duka ba, sai aka riƙa shiga kashi-kashi. Matan suka yi waƙar daɓe da harshensu, ba na jin abin da suke cewa, amma madaɓi yana ji, duka ya tafi daidai. An ɗora jinka ke nan ruwan farko ya sauka. Da daɓen ya bushe Gado ya ɗauki uwarsa zai hau da ita matakala, ta ce ya sauke ta. Da kanta ta hau, tana hutawa. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta taka ɗakin a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ta je ta dafa bangon da ke tsakaninta da mijinta. Sannan ta zauna a ƙasa, ba tabarma.

Ta ce, "Da ɗumi."

Ban yi daɓe mai kyan wannan ba, kafinsa ko bayansa.

Ta zauna a ɗakin damuna guda da kaka da ɗari. Gado da matarsa suka gyara wani ɗaki suka tare tare da ita, suka tada garka, har ya aiko mini da albasa da ƙullin lalle. Ɗan aiken ya ce tafki ya cika har ya shigo rabin garka, amma ɗakin tsohuwa ko damshi babu.

Da bazara ta kewayo sai ciwo ya kama ta, ƙafafu suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Ta ce a bar ta a ɗakinta. Gado bai iya zama yana kallo ba. Ya ce mata allura kurum za a yi mata a Yelwa su dawo, ya yi mata alkawari, ya sa ta a jirgi. Ba na ganin laifinsa. Kowane ɗa haka zai yi.

Na je duba ta a asibiti da hantsi, na kai mata kunu. Ta ƙara ƙanƙancewa. Ta gane muryata, ta ce, "Ɗiyar Ige, bai tsage ba. Ko tsaga guda."

Na ce, "Za ki koma ki taka shi, Inna."

Ta ce, "Gado ya yi alkawali."

Ta cika da safe, ranar da iskar farkon damuna ta taso. Ku da kuka tashi kuka ga tafki ba ku san yadda mutane ke tsoronsa a shekarun nan ba. Kwara ta da, kowane ɗan jirgi ya san ta. Wannan sabon ruwa kuwa in iska ta taso yakan yi tozo kamar raƙumi, ga kututture a ɓoye ko'ina, kuma bai daɗe da kifar da wani jirgin 'yan kasuwa ba. Gado ya bi bakin ruwa jirgi-jirgi yana roƙo, ba wanda ya yarda ya kwance igiya. Tsohuwar hanyar mota zuwa wajensu tana ƙarƙashin ruwa, sabuwar ba ta kai can ba. Ya jira har yamma, ya jira wayewar gari, iska ba ta kwanta ba, ga zafi. Gawa ba ta jira. Ni da Kulu muka taya matarsa shirya ta, aka kai ta bayan garin Yelwa, cikin mutanen da ba ta sani ba.

Bayan kaka, ruwa ya cika, Gado ya sake yin sallama a ƙofar gidanmu. Ya rame. Ya ce tsofaffinsu sun ce a yi mata yadda ake yi wa wanda kogi ya ci ba a ga gawarsa ba, a sa zanenta da tabarmarta a inda ya kamata ta kwanta. Ya ce, "Na ɗauki hauya na shiga, na kasa. In ni na buga, hwashe shi zan yi duka. Ke kika daɓa, ke kin san inda za a yanka."

Muka tafi, ni da Kulu. Ruwa ya shigo garka har gindin lalle. Na shiga ɗakin na auna tsawonta a jikin bangon mijinta, na zana da bakin wuƙa. Daɓen da ya sha makuba ba ya yankuwa da sauƙi. A hankali na bi zanen ina ƙwanƙwasawa, har ɓawon ya ɗago falle-falle, sauran ɗakin bai tsage ba. Sannan Gado ya karɓi hauya ya shiga haƙa.

Ƙura ce ta riƙa tashi. Ya kai gwiwa, ya kai cinya, ƙura tana cika ɗakin har Kulu ta rufe hanci da gefen zane. Ana jin ruwa yana bugun danga a waje. Da ya kai inda ya kamata sai ya ajiye hauya, ya durƙusa cikin ramin, ya ɗebi ƙasar gindin a tafinsa ya matse. Ya buɗe hannu, ta zube ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Innar Hajo, a bushe take."

Na ce, "A bushe take."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan matarsa ta miƙa masa tabarmar ya shimfiɗa, ya ɗora zanen a kai, ya gyara masa gefe kamar mai lulluɓe mutum. Ya fito, muka mayar da ƙasa, kaurin tafi kaurin tafi, ina bi da kunne.

Gado ya ce ba sai mun wahala da makuba ba, tun da ba mai sake kwana a ɗakin. Na ce masa mun riga mun jiƙa. Muka zauna har ya sha iska, muka zuba, muka sake duka, muka sake zubawa, har wurin yankan ya ɓace cikin sauran daɓen, ɗaki ya koma guda. Sannan muka fito da baya-baya muna shafe sawunmu, Gado ya ja ƙofa.